Matambayi Ba Ya Ɓata: Bizar Zuwa Koyarwa A Jami'o'in Waje

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wanga fili. Tun da na ɗan taɓo zancen malaman jami'a da ke tsallakawa waje wancan watan saƙonni sunka yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu ta WhatsApp wasu ta imel, akwai ma wanda ya tare ni bakin masallaci bayan Isha'i da takardu cike da leda, muna tsaye sauro na ta cizonmu. To ba zan iya amsa duka ba, na tsamo waɗanda nake ganin in an amsa su an amsa na mutane da yawa. Sunaye na cire su kamar kullum.

Daga wani malamin jami'a, Runjin Sambo

Salam Malam, Allah shi gafarta maka. Ni malami ne inada digiri na uku fannin lissafi, shekarata tara ina koyarwa. Wani ejan da ke harkar Umara yac ce min akwai gurbin koyarwa wata jami'a a Saudiyya, albashi mai kyau ga gida kyauta, amma in kawo miliyan huɗu da rabi shi hiddo min biza, in na isa can sai a yi min intabiyu in kama aiki. Wallahi har na sa filina kasuwa, dillali ya fara kawo mutane. Mi kake gani?

Amsa: Dakta ranka shi daɗe, kafin ka ƙarasa karanta wagga amsa ɗauki waya ka kira dillalin nan ka ce mai ka fasa. Ina jira.

To madalla. Kai malamin lissafi ne don haka bari mu bi abin daki-daki yadda kuke bin naku. Bizar aiki ba kaya ba ce da ake ajewa a shago wani ya zo ya saya. Bayan aiki take biyowa, ba ta shige mai gaba. Jami'a ce za ta yi tallar gurbi, ka nema, su duba takardunka, su yi maka intabiyu, yanzu ma galibi ta intanet ake yi kana zaune ɗakinka, in sun gamsu su aiko maka takardar tayin aiki da kwantiragi, sannan SU ne za su je wa gwamnatinsu su ce muna son a bar wane ya shigo ya yi mana aiki. Kai naka kawai ka kai fasfo da takardu a buga maka. Duk inda ka ji an juya lissafin an ce biza tukuna intabiyu daga baya, to akwai lauje cikin naɗi, kuma wannan haka yake ko Saudiyya ce ko Ingila ko Malesiya ko Sin.

Abin da ejan ɗin nan zai iya kawo maka bai wuce biyu ba. Ko dai bizar Umara ko ta ziyara, wadda doka ba ta yarda ka yi aikin ko sisi da ita ba, in ta ƙare ka zama abin da mu duka mun san sunanshi, takari, dakta guda yana laɓe-laɓe yana gudun askarawa. Ko kuma irin wadda suke kira bizar 'yanci, wato wani Balarabe ne can ya sayar da gurbin ma'aikaci da anka ba shi, sai ka isa ka tarar iƙamarka, wato katin izinin zama, an rubuta direba ko lebura kuma sunan kafilinka wani mutum ne da ba ka taɓa gani ba. Babu jami'ar da za ta ɗauki mutum ya koyar da lissafi da iƙamar direba. Kuma ita kanta wannan hanya laifi ce a dokarsu.

In jami'ar gaske ce ta ɗauke ka, ga yadda abin ke tafiya. Za su turo kwantiragi da lambar biza da sunka fitar da sunanka. Kai kuma sai ka ɗauki satifiket ɗinka, musamman na digirin da anka ɗauke ka don shi, ka kai a tantance, a fara daga jami'ar da ta ba ka, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ɓangaren Saudiyya su buga nasu hatimi. Akwai gwajin lafiya a asibitin da su sunka amince da shi ba wanda kai ka ga dama ba, galibi kuma ana neman takardar 'yan sanda ta shaidar ba ka da laifi. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, akwai ƙaramin ofishi a Kano. Eh ana kashe kuɗi a wannan zirga-zirga, kuɗin mota da masauki da na hatimi da na asibiti, amma kowanne da rasit ɗinshi kuma ba su kama ƙafar miliyan huɗu da rabi ba. In ka sauka can jami'a ce za ta yi maka iƙama.

Gwaji ɗaya zan ba ka wanda ba ya cin ko kwabo. Ce wa ejan ya faɗa maka sunan jami'ar da sashen. Ka shiga shafinsu da kanka, ka nemo adireshin shugaban sashen lissafi, ka rubuta mai layi uku: an ce kuna neman malami, gaskiya ne? Na ci amanar kaina in ejan bai fara kame-kame ba tun daga tambayar sunan, za ka ji "ai sirri ne kar wasu su riga ka". Fili kuwa a Sakkwaton yau in ka sayar ba ka mayar da shi da kuɗin da ka karɓa.

Daga wani ƙaramin lakcara, Arkilla

Malam barka da aiki. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ce ta biya min karatun digiri na uku a waje, na dawo shekara ɗaya da rabi kenan. Yanzu malamin da ya duba aikina can ya ce akwai gurbi in zo. Abokaina sun ce in tafi abuna shiru in na isa in turo takardar ajiye aiki. Ya halatta?

Amsa: Ƙanena abokan nan naka ba su ne za a kira ofishin rajistara ba. Ka koma ka buɗe jakarka ka ɗauko takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu kafin ka tafi karatu, na san tun ranar ba ka sake kallonta ba, kowa haka yake lokacin ɗoki. A ciki an rubuta shekarun da za ka yi wa makarantarku aiki in ka dawo, da abin da za ka biya in ka saɓa, kuma mafi yawan lokuta akwai waɗanda sunka tsaya maka, watakila wani farfesa ne da ya ɗauke ka kamar ɗa, ko kawunka. In ka sulale su za a bi. Wannan ba maganar biza ba ce ma, maganar alƙawari ce da haƙƙi, kuɗin nan na jama'a ne, harajin ilimi ne da kamfanoni sunka biya.

Ko ta fuskar dabara ma shawarar ba ta yi ba. Jami'ar can za ta nemi wasiƙun shaida daga inda kake aiki, wa zai rubuta maka in ka gudu? Takardunka in an tashi tantancewa ina za a aika? Kuma kwantiragin waje yana ƙarewa, shekara biyu ko uku ka ji an ce ba kuɗin sabuntawa, ka dawo gida ka tarar fayil ɗinka an rubuta ka tsere daga aiki. Duniyar malaman jami'a ƙarama ce wallahi, wanda ka yi wa tsiya yau shi za ka gani zaune a kwamitin da zai tantance ka jibi.

Ƙofofin halal suna nan. Akwai hutun sabatikal, shekara guda, wanda a yawancin jami'o'inmu sai wanda ya kai babban lakcara kuma ya yi shekara shida a jere yana aiki, kai da sauranka nan. Akwai hutun da ba albashi, wanda ake nema a rubuce ta hannun shugaban sashe zuwa sama. Akwai kuma ka tunkari hukuma kai tsaye ka ce ga abin da ya taso, nawa ya rage min, in biya zan yi nawa ne. Ka kuma gaya wa malaminka na can gaskiya, Turawa da Larabawa duk sun san mene ne yarjejeniya, sau da yawa sai a mayar da abin ziyarar bincike ta wata uku lokacin hutu, ƙofar tana buɗe har ka gama biyan bashinka.

Daga wani farfesa, Gawon Nama

Malam ina gaisuwa. Ina fannin kimiyyar magunguna, ina da rubuce-rubuce masu dama a mujallun waje. Ina duba Ingila da Amurka, wacce ta fi sauƙin biza ga malamin jami'a ɗan Najeriya yanzu? Don Allah a warware min, abin da nake gani a intanet ya rikita ni.

Amsa: Allah shi ja zamanin Farfesa. Da a ce shekara uku baya kuka yi min wannan tambaya da amsar ta bambanta. Bari in fara da Amurka don ita ce ta fi canzawa.

Bizar da jami'o'in Amurka sunka saba ɗaukar malami da ita ita ce H-1B. A shekara gurbi 65,000 ake bayarwa da ƙarin 20,000 ga waɗanda sunka yi babban digiri a can, shi ya sa kamfanoni ke shiga ƙuri'a, amma jami'o'i ba sa cikin wannan ƙayyadewa, kowane lokaci na shekara suna iya nema wa mutum. Jami'a ce ke cika takarda ta kai ma'aikatar ƙwadago da hukumar shige da fice, in an amince sannan ku cika fam ɗin DS-160 ku je intabiyu Abuja ko Legas. Shekara uku ake fara bayarwa, a sabunta zuwa shida. Ɗaya hanyar ita ce J-1 ta malami ko mai bincike baƙo, tana kaiwa shekara biyar, sai dai wasu ana ɗora musu sharaɗin su koma gida su yi shekara biyu kafin su nemi H-1B ko zaman dindindin.

Wannan shi ne tsarin a takarda. To amma 2025 ta zo da abubuwa uku a jere. A Yuli anka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku. A Satumba Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin biyan dala 100,000 a kan sabon neman H-1B ga wanda ke wajen ƙasar, kuma ba a cire jami'o'i ba. Sannan a Disamba anka saka Najeriya cikin ƙasashen da anka taƙaita wa shiga daga 1 ga Janairun 2026, abin ya shafi bizar ziyara da ta ɗalibai da ita J ɗin. Ku duba fa Farfesa, wane shugaban tsangaya ne zai ciro dala dubu ɗari kafin ma ya fara biyan albashi? Don haka in wata jami'ar Amurka ta nuna tana so, tambayar farko tun kafin a yi nisa ita ce ofishinsu na baƙi ya faɗa muku a rubuce da wace biza za su kawo ku a halin da ake ciki ranar.

Ingila kuwa ƙofa a buɗe take amma tsada kamar me. Hanyar da aka fi bi ita ce bizar ƙwararren ma'aikaci. Jami'a mai lasisin ɗaukar nauyin baƙi za ta ba ku wata lamba, takardar ɗaukar nauyi kenan, da ita za ku cika fam. Akwai mafi ƙarancin albashi, a Afrilun 2024 anka kai shi fam 38,700, a Yulin 2025 ya koma fam 41,700, ko kuma abin da aka saba biya a irin aikin in ya fi haka, da ɗan sassauci ga mai digiri na uku da ya dace da aikin. A matakinku wannan ba matsala ba ce. Abin da ke ba mutane haushi shi ne Turanci: duk da cewa tun firamare da shi anka koya mana karatu, Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da sunka ɗauka masu Turanci, don haka ko ku zauna jarrabawa ko ku aika digirinku wa Ecctis, masu tantance takardun karatun waje a Ingila, su tabbatar da Turanci anka karantar da ku. Ni dai na ga farfesan da ya rubuta littafi guda da Turanci yana jiran wannan takarda, dariya ta kama ni takaici ya kama ni. Sai gwajin tarin fuka, dole ne ga mai zama fiye da wata shida, ana yi a cibiyoyin da sunka amince da su irin na IOM, hukumar ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas, takardar kuma wata shida take aiki, kar ku yi gaggawar yi tun ba a turo lamba ba. Wasu fannonin kimiyya kuma sai an nemi izinin ATAS, wato tantancewar tsaro ta gwamnatinsu, ku tambayi jami'ar ko naku yana ciki.

Amma da yake kun ce kuna da rubuce-rubuce, ku leƙa bizar da suke kira Global Talent. Ita ba ta ɗaure mutum da ma'aikata ɗaya, cibiyoyi irin su Royal Society da British Academy da UKRI ne ke shaidar mutum, kuma wanda anka ba babban muƙamin koyarwa ko bincike a jami'ar da sunka yarda da ita yana da gajeriyar hanya. In da ni ne ku, nan zan fara ƙwanƙwasawa. A taƙaice Ingila ta fi tabbas a yanzu, sai dai ku karanta amsar da ke ƙasa kafin ku yi murna.

Daga wata baiwar Allah, Mabera

Malam ina wuni, don Allah a ɓoye sunana. Maigidanmu ya samu aikin koyarwa Ingila, mu biyu ne gare shi ni ce amarya, 'ya'yana biyu uwargida nada huɗu. Yac ce min da ita zai tafi wai doka ta hana shi tafiya da mu duka. Ni dai ban yarda ba, gani nake wayo ne. Gaskiya ne ko ko?

Amsa: Hajiya Allah shi huci zuciyarki, amma a wannan karon malam bai yi ƙarya ba. Dokar shige da ficen Ingila mace ɗaya ta sani a matsayin matar ma'aikaci, haka ma Amurka, ba ruwansu da rabon kwana. Kar kuma wani ya ba ku shawarar a rubuta ki a matsayin ƙanwa ko mai raino, in sun gano ƙarya a fam suna iya hana mutum shiga har shekara goma, aikin ma ya tafi.

Maganar yara ita ce mutane ba su sani ba sai sun je. Yaro ƙasa da shekara 18 yana iya bin ubanshi, amma ƙa'idarsu ita ce iyaye biyu su kasance suna can ko suna nema tare, sai fa in ɗaya ya rasu ko kuma an tabbatar ɗayan ne kaɗai ke da ɗawainiyar yaron ko akwai wani babban dalili. Kenan naki biyun ba abu ne mai sauƙi a ɗauke su a bar ki nan ba, wanda ni a ganina ma alheri ne gare ki.

Bari kuma in yi miki lissafin da watakila malam bai nuna miki ba don kar hankalinki ya tashi. Akwai kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya tun wajen neman biza, fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro. Shi da uwargida da yara huɗu, bizar shekara uku, ya kama fam 15,522, ba a zo kuɗin bizar kanta ba, ba a zo tikiti ba, ba a zo hayar gida ba. Ki buga wannan da canjin yau ki gani. Wasu jami'o'in suna mayar wa ma'aikaci nashi ko su ba shi rance, na iyali kuwa galibi aljihunshi ne. Shi ya sa da yawa su kaɗai suke fara tafiya su yi wata shida ko shekara. Ko Saudiyya da take ƙasar Musulmi akwai harajin iyalan baƙi da anka fara a 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 a 2020, don haka mai zuwa can ma ya tambaya a kwantiragi wa zai ɗauki wannan.

Abin da zan ce ki riƙe shi ne a zauna a yi magana tun yanzu, da waliyyinki in da hali: nawa za a riƙa turo miki, yaushe zai riƙa zuwa, ya za a yi da kwanakinki, yafewa za ki yi ko ramawa za a yi. Wannan malamai sun yi bayaninshi a babin rabon kwana da tafiya, ku je wa malamin da ku duka kunka yarda da shi. Bizar ziyara kuma tana nan, kina iya nema da kanki a matsayinki na gaskiya. Sannan ku duka biyun ku nemi takardar shaidar aure tun yanzu, don aurenmu na nan goro da alawa da shaidu ne, ba wanda ke tuna takarda sai ranar da Bature ya tambaya, yara kuma a karɓo musu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya.

Daga wani malami, Tambuwal

Malam sunana ya bambanta a takarduna. Sakandare an sa sunan garinmu a ƙarshe, digiri na farko babu, fasfo kuma an rubuta Mohammed maimakon Muhammad. Zai hana ni biza?

Amsa: Malam wannan ciwon mu duka ne 'yan Arewa. Hedimasta ya rubuta Muhammadu, magatakardan jami'a ya rubuta Moh'd, na fasfo ya rubuta abin da ya ga dama, ranar haihuwa kuma rabin ajinmu 1 ga Janairu anka haife mu. Ni kaina ya taɓa ci na. Shekarun baya na ɗauki hanya tun asuba, Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, na isa Abuja wujiga-wujiga, washegari na bi layi a wani ofishi tun safe, da anka zo kaina matar ta ɗaga takardu biyu ta ce waɗannan mutum biyu ne. Harafi ɗaya ne fa ya bambanta, da sunan kakana da ya fito a ɗaya bai fito a ɗaya ba. Haka na juyo Sakkwato ban yi komai ba.

Ba ya hana biza in ka gyara da wuri, yana hana ta in ka bari sai an ba ka mako biyu ka kawo takardu. Ka ɗauki abin da ke kan NIN da fasfo a matsayin sunanka na gaskiya, su biyun dole su zama ɗaya don yanzu ba a yin fasfo sai sun dace. Ka je babbar kotu ka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan kai ne, ka jera su ɗaya bayan ɗaya yadda anka rubuta su, ka buga sanarwa a jarida ta ƙasa ka sayi kwafi uku ka adana shafin gaba ɗaya da kwanan wata a jiki, ba ka yanke ɗan gurbin ba. Ka kuma faɗa wa jami'ar da za ta ɗauke ka su rubuta sunanka a takardunsu harafi da harafi yadda yake a fasfo. Ka duba fasfon ma ko ya kusa mutuwa, in saura shekara ɗaya sabunta shi, kuma mai shafi 64 na shekara goma ya fi maka mai shafi 32 na shekara biyar.

Daga wata ɗaliba mai digiri na biyu a Hausa, Illela

Malam mu da munka karanci Hausa muna da rabo a wannan harka kuwa? Ko Nijar nan kusa?

Amsa: Ɗiyata kuna da shi. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Harsunan Waje ta Beijin, da Jami'ar Warso a Folan, da cibiyar koyar da harsuna ta INALCO a Faris, kuma sukan buƙaci wanda ya sha harshen a nono. Gurbin ba yawa, ba kuma kullum ba, sai kin riƙa bibiya kina rubuta wa sassan da kanki. Ta Sin bizar Z ake kira, jami'a ce ke fara samo takardar izinin aiki ta turo miki, in kin sauka kuma cikin kwana 30 ki mayar da ita takardar zama.

Nijar kuwa ke da ke Illela ai Ƙonni leƙe ce. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, akwai ta Maraɗi da ta Tawa, ga Jami'ar Musulunci ta Sayi. A 2025 sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wannan abin a sa wa ido ne ga irinku. Sai dai karatun jami'a can da Faransanci ya ginu, ta Sayi kuma Larabci ne ƙashin bayanta, in ba ki da ko ɗaya fara koyo. Kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, to shiga cin kasuwar Ƙonni daban, zama a karɓi albashi daban, sai da kwantiragi a hannu da takardar zama.

Kar ki manta da shirin TAC na gwamnatin tarayya, wanda anka kafa tun 1987, yana tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu, Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale ta sha karɓar malamanmu ta wannan hanya. Gwamnati ce ke shirya takardun tafiyar, ba ejan a tsakani. Amma shawarata ki fara ƙarasa digiri na uku, shi ne kuɗin shiga kusan ko'ina.

Sai wani bawan Allah daga Kofar Rini da bizarshi ta riga ta fito, Allah shi sa alheri, tambayarshi ɗaya ce wai kilishi nawa zai iya ɗauka. Malam in Ingila ce ko Amurka, ko yanki ɗaya na nama ba ya shiga a jakar matafiyi, za su karɓe a filin jirgi in ba ka bayyana ba ma su ci ka tara. Ka cinye abinka tun a filin jirgin Sultan Abubakar, in ya yi saura ka aiko min ofis.